BINDIGA A HANNUN BAƘO

Ran Alhamis 27 ga watan Maris na 2025, saura kwana uku a yi Sallar Azumi, wata babbar mota ta taso daga Elele ta Jihar Ribas ta nufi Kano, ɗauke da 'yan Arewa masu komawa gida. Da ta iso Uromi a Jihar Edo sai 'yan banga suka tsayar da ita suka bincike, suka tarar da bindigogin gargajiya irin na farauta. Nan da nan magana ta bazu cikin gari wai an kama ɓarayin mutane. Taron jama'a ya auka wa matafiyan, aka kashe mutum 16 daga cikinsu. Waɗanda Allah ya kuɓutar sun shaida wa manema labarai cewa su mafarauta ne, da yawansu kuwa mutanen Torankawa ne ta Ƙaramar Hukumar Bunkure a Jihar Kano.

Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya yi Allah wadai da abin, 'yan sanda sun ce sun kama mutum 14, Gwamnan Edo Monday Okpebholo kuma ya tafi har Kano ya yi ta'aziyya tare da Gwamna Abba Kabir Yusuf. Gaskiya ne mutanen yankin Uromi sun daɗe suna shan wuya a hannun masu satar mutane, amma babu wata doka a Nijeriya da ta bai wa taron gari ikon yanke wa mutum hukunci a bakin titi, ko da kuwa an same shi da igwa. Kisan gilla ne, ba shi da wani suna.

To, amma bayan an share hawaye akwai tambayar da ta rage wa kowane ɗan Arewa mazaunin Kurmi, ko maharbi ne, ko maigadi, ko ɗan kasuwa mai kwana da kuɗi a shago. Mece ce matsayin bindiga a hannun baƙo? Mutane da yawa daga Agege zuwa Sabon Badun, daga Shagamu zuwa Anaca da Fatakwal, suna riƙe da ita a kan al'adar gida, alhali kuwa doka da idon mutanen gari da wani ma'auni dabam suke auna ta.

ABAR GIRMA CE A GIDA

A ƙasar Hausa da Barno bindiga ba baƙuwa ba ce. Tun cikin ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno ya samo 'yan bindiga Turkawa suka horar da mayaƙansa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, an kawo bindigogi daga Nufe, Sarki Babba Zaki kuma shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Har gobe in an yi hawan Salla a Kano ko Katsina ko Zariya, amon adaka da hayaƙin albarushi su ne ke shaida wa gari cewa sarki ya fito. Yaron da ya tashi yana jin wannan amo ba zai ɗauki bindiga abar kunya ba.

Haka nan farauta. In kaka ta wuce, an kai amfanin gona gida, sai a buga gangi, a fita da karnuka da gora da barandami, maharba kuwa da bindigoginsu. Akwai masu yi don nama, akwai masu yi don suna, akwai kuma attajirai da manyan ma'aikata da suka gaji sha'awar harbin zabi da agwagwar ruwa daga Turawan mulki, suna ajiye mai baki biyu suna goge ta kamar yadda mai doki ke kula da dokinsa. A shekarar 2014 ma, sa'ad da Boko Haram ta mamaye Mubi, maharban Adamawa na cikin waɗanda suka taimaka wa soja aka ƙwato garin, abin da ya ƙara wa sana'ar daraja a idon jama'a.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, farauta na cikin abubuwan da suka fara kai Bahaushe ƙasashen Kudu maso Gabas. Masu binciken tarihi sun nuna cewa wajen ƙarshen ƙarni na 19 maharban giwa Hausawa suka sauka a Elele, mutanen ƙasar kuwa suka yi na'am da su domin giwaye na yi musu ɓarna a gonaki. Watau garin da matafiyan Uromi suka taso daga cikinsa, bindigar maharbi ce ta kafa zangon Hausawansa. Su ma mutanen Kudu ba jahilan bindiga ba ne. Maƙeran Awka sun yi suna wajen ƙira, Yarabawa kuma suna da ƙungiyoyin maharba masu tsari da shugabanni tun kaka da kakanni. Abin da ya sāke shi ne zamani. Baƙon da a da ake murna da zuwansa don ya kori giwa, yau in an gan shi a bakin daji da bindiga, abin da ke fara zuwa zuciyar manomi shi ne kuɗin fansa.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar da ke mulkin bindiga a Nijeriya ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka kafa shekara guda kafin samun mulkin kai. Asalin tunaninta ya girme ta. A yarjejeniyar Birasels ta 1890 ƙasashen Turai suka amince su hana shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, suka bar wa baƙar fata tsohuwar bindiga mai dutsen ƙanƙara da albarushi na kasuwa, irin wadda Turawa ke kira da sunan mutanen Danmak saboda fataken ƙasar da suka riƙa sayar da ita a gaɓar teku. Wannan rabo na wa ya isa ya riƙe wace iri, shi ne ya gangaro cikin dokar 1959, wadda ta kasa bindigogi kashi uku.

Kashi na farko su ne haramtattu. A cikinsu akwai igwa da roka da gurneti da bindiga mai aman wuta da bindigogin soja irin su AK-47, sa'an nan da libarba da duk wata ƙaramar bindiga ta hannu, har da ƙirar gida. Ba mai riƙe ɗaya daga cikin waɗannan sai da lasin daga Shugaban Ƙasa kansa, wanda aka kama da ita ba lasin kuwa mafi ƙanƙancin hukuncinsa ɗaurin shekara 10 ne. A lura da kyau a nan. Ƙaramar bindigar da ake sa wa a aljihu, wadda ita ce mafi yawan 'yan kasuwa ke sha'awa don kare kai, tana aji ɗaya da bindigar yaƙi a idon doka.

Kashi na biyu su ne na amfanin kai, watau mai baki ɗaya da mai baki biyu na harbin tsuntsu da ƙananan namun daji, da bindigar farauta mai dogon zango wadda ba ta soja ba, da bindigar iska. Lasin ɗinsu a hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda yake, rashinsa kuwa na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara biyar. Dokar ta cire mai sarrafa kanta da duk mai wata na'ura ta ɗura harsashi daga wannan aji. Saboda haka irin wadda ake kira fom-akshin, wadda ta cika hannun 'yan banga da masu gida, ba ta shiga nan ba, 'yan sanda ma sun faɗi haka ƙarara a 2018 sa'ad da suka yi shelar tattara makamai.

Kashi na uku shi ne wanda ya fi shafar maharba, watau duk bindigar da ake ɗurawa ta baki, ko a kira ta adaka, ko harba-ruga, ko bindigar baushe, ko ta toka. A nan dokar ba ta yi hukunci guda ga ƙasa baki ɗaya ba. Ta bai wa Kwamishinan 'Yan Sanda na kowace jiha iko, in Gwamna ya yarda, ya hana riƙe irin wannan bindiga ba tare da lasin ba a jihar ko wani sashe nata. Ma'anar wannan ita ce abin da aka saba da shi a Kano ko Jigawa ba lalle ne ya zama shi ne hukunci a Edo ko Ondo ba. Mutumin da ya taso daga Ribas zai nufi Kano kuwa sai ya ratsa jihohi da dama, kowace da nata kwamishina. Katin ƙungiyar mafarauta shaida ce mai amfani, tana nuna mutum yana da shugabanni da za a tambaya, amma fa kati ba lasin ba ne.

Lasin kuma ba hakki ba ne da mutum zai je ya ce a ba shi dole. Doka ta hana a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka san shi da rashin kamun kai, da wanda kotu ta kama da laifin tada hankali ko barazana cikin shekara biyar da suka wuce. Harsashi ma sai da izini. Wanda aka bai wa lasin shi ne ke da alhakin tsare bindigar, in ta ɓata ko an sace ta ko ta lalace, dole ya sanar da hukumar da ta ba shi cikin kwana 14. In mai lasin ya rasu, magadansa kwana 14 kaɗai doka ta yarda su riƙe ta. Gidaje nawa ne a zango ake ajiye da bindigar marigayi a bayan gado shekara da shekaru, ana ganin ai gado ce kamar takobi? Lasin ba ya shiga rabon gado. Bugu da ƙari, an hana datse bakin bindigar harbin tsuntsu ya gaza inci 20, gyara da ƙira kuma sai wanda 'yan sanda suka bai wa izini.

Samun sabon lasin ma ya zama aiki. A watan Yuni na 2022 Gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'arsa su nemi lasin su sayi bindiga su kare kansu daga 'yan fashin daji. Ba a daɗe ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya amsa cewa gwamna ba shi da wannan iko. A watan Agusta na 2023 kuma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar dakatar da ba da lasin. Duk wanda wani dillali ya zo masa da takarda mai hatimi ya ce zai sama masa lasin cikin mako guda, to, ya kai ƙafarsa hedkwatar 'yan sanda ta jiha ya tambaya tukuna, domin takardar jabu laifi na biyu ce a kan na farko.

Akwai wata doka ta biyu da ta fi ta farko zafi, ita ce ta fashi da makami. Bayan yaƙin basasa makamai sun watsu a hannun mutane, fashi ya yi yawa, sai gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar soja mai lamba 47 ta 1970 wadda ta yanke kisa ga ɗan fashi da makami. Tsofaffin mazauna Ikko na tuna yadda aka riƙa ɗaure 'yan fashi a jikin durom a bakin teku ana harbewa a bainar jama'a, har da Ishola Oyenusi a watan Satumba na 1971. Gwamnatin Janar Buhari ta sabunta dokar a 1984, a ƙarƙashinta aka harbe Lawrence Anini a Binin cikin watan Maris na 1987. Abin da ya shafi mai karatu a cikinta shi ne sashe na 3. Ya ce duk wanda aka samu da bindiga ba bisa ƙa'idar dokar 1959 ba, hukuncinsa tarar N20,000 ne ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyu. Ba sai ya yi fashi ba, riƙewar kaɗai ta isa. Fassarar bindiga a wannan doka kuwa ta haɗa da ta gargajiya, ta kuma haɗa da wadda aka kwance gunduwa-gunduwa. Wanda ya raba ƙota da bututu ya cusa cikin buhun gari yana zaton ya fita daga hannun doka, ya yaudari kansa.

MAIGADI DA ƊAN KASUWA

Dubban 'yan Arewa da 'yan Nijar ne ke gadi a gidaje da ma'aikatu na Kudu, wannan magana ta fi shafarsu. Sau da yawa mai gida yakan sami lasin da sunansa, sa'an nan ya miƙa wa maigadi bindigar ya ce ya kwana da ita a bakin ƙofa. Lasin na mutum ɗaya ne, sunan da ke jikin takarda shi ne mai izini. Ran da 'yan sanda suka zo, ko ran da aka harbi wani cikin duhu, wanda aka tarar da bindiga a hannunsa shi za a fara sa wa ankwa. Mai gida yana da lauya, yana da 'yan uwa a gari, yana jin harshen da ake rubuta bayani da shi a caji ofis. Maigadi kuwa sau da yawa sai dai a karanta masa abin da aka rubuta a ce ya dangwala. Ko kamfanonin gadi masu rajista, dokarsu ta 1986 ta hana ma'aikatansu ɗaukar bindiga, balle wanda aka ɗauka aiki da baki kan albashin da bai kai kuɗin harsashi ba. Maigadin da ya ce wa mai gidansa, “Ranka ya daɗe, a bar ni da usur da tocila da sandata,” bai yi ragonci ba.

Shi kuwa ɗan kasuwa, mai canji ko mai goro ko dillalin shanu, dalilinsa a fili yake. Yana riƙe kuɗi, ya ga an tare 'yan uwansa a hanya, ya ga yadda rikici kan tashi a kasuwa kamar na Shasha a Badun cikin Fabrairun 2021, kafin hukuma ta iso an yi ɓarna. Ba wanda zai ce tsoronsa na banza ne. Doka ma ta san da kare kai. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya yarda da amfani da ƙarfi gwargwadon bukata don kare rai ko dukiya. A Arewa Final Kod ta yi bayanin wannan hakki, a Kudu kuwa Kiriminal Kod da dokokin jihohin da suka fito daga cikinta. Sai dai sharaɗin yana da tsauri. Ƙarfin da mutum ya yi amfani da shi dole ya dace da haɗarin da ya fuskanta, ba a halatta masa ƙarfin da zai kashe ba sai in yana da dalili mai ƙarfi na jin za a kashe shi ko a yi masa mummunan rauni, kuma babu wata hanyar tsira. Ɓarawon da ya juya baya yana gudu da rediyo a ka, harbinsa ba kare kai ba ne. Wanda aka zaga da rana ya koma gida ya ɗauko bindiga da dare, wannan ramuwa ce, sunanta a kotu kisan kai.

Ko da joji ya yarda mutum kansa ya kare, tuhumar riƙe bindiga ba lasin tana nan daram, domin laifi ne mai zaman kansa. Sashe na 80 na Kiriminal Kod kuma ya tanadi ɗaurin shekara biyu ga wanda ya fita bainar jama'a da makami ba da wani dalili na halal ba har ya tsorata mutane. In an haɗa waɗannan duka, sai a ga bindigar ɓoye a shagon baƙo ciniki ne mai hasara. 'Yan fashi ba sa aiko da sanarwa, sukan zo su da yawa da makaman da suka fi nasa, in sun ji yana da bindiga ma ita za su fara nema. In kuwa rikicin ƙabilanci ne, bindiga guda da aka samu a ɗaki guda ta isa a ce duk zango ma'ajiyar makamai ne, sai laifin mutum ɗaya ya hau kan mata da yara da ba su san hawa ba balle sauka. Kai kuɗi banki kafin la'asar, da haɗa kai da masu gadin unguwa, da sanin lambar wayar babban ɗan sandan yanki, sun fi tsare ɗan kasuwa nesa ba kusa ba.

TSATSA DA ALBARUSHI

Ga wanda ya cika sharuɗɗa yake riƙe da abarsa bisa doka, akwai wani abokin gaba da bai san shi sosai a gida ba, shi ne laima. A Arewa bindiga takan yi rani guda a rataye ba ta yi komai ba. A Fatakwal ko Warri ko Ikko, inda ruwa ke zuba wata da watanni, iskar ma gishirin teku gare ta, 'yan kwanaki sun isa tsatsa ta kama. Albarushi kuwa in ya ƙone yakan bar baƙin dauɗa a cikin bututu, wannan dauɗa tana jawo danshi, tana cin ƙarfe daga ciki inda ido ba ya gani. Shi ya sa tsofaffin maharba ba sa kwana sai sun wanke cikin bututu da ruwan zafi, sun tsane shi da tsumma har ya bushe ƙayau, sa'an nan su shafa mai kaɗan, irin na keken ɗinki ya wadatar. Man ja da man gyaɗa sukan daskare su yi danƙo. Naɗe bindiga cikin leda ko jingina ta da bangon siminti mai gumi, duk kiran tsatsa ne.

Yawancin maharban da ake gani da guntayen yatsu ko ido ɗaya, ba naman daji ne ya yi musu ba, bindigarsu ce ta fashe a hannu. Dalilan kuwa sanannu ne. Na farko shi ne bututun da ba a yi shi don wuta ba, kamar na famfo, wanda ke da ɗinki a jikinsa. Na biyu shi ne ɗuri a kan ɗuri, mutum ya manta ya ɗura jiya ya sāke ɗurawa yau. Maganin wannan mai sauƙi ne, a yi wa sandar ɗuri alama a daidai inda take tsayawa in bututu ba komai, duk ran da alamar ta tsaya a sama an san akwai abu a ciki. Na uku shi ne taɓo. A dajin Kurmi mai santsi mutum kan dogara bakin bindiga a ƙasa, laka ta toshe shi, in ya harba wuta ta rasa hanya sai ta nemi ta gefe. Na huɗu, wanda ya fi duka muni, shi ne farke harsashin zamani a juye garinsa cikin adaka don wai ta ƙara ƙarfi. Wannan gari ba albarushi ba ne, ƙarfinsa ya fi abin da bututun gargajiya zai iya ɗauka.

In an ja kunama bindiga ta ƙi tashi, kada a juyo bakinta a leƙa, kada kuma a sauke ta nan take. Albarushin da ya sha danshi yakan yi jinkiri sa'an nan ya kama. A bar bakin yana duban inda ba kowa, a dakata tukuna. A gida kuma, musamman gidan haya na Kudu inda iyali goma ke tarayya a tsakar gida guda, ba a ajiye ta da ɗuri. Bindiga wuri dabam a kulle, albarushi da harsashi wuri dabam, nesa da risho da murhu da hannun yara. Harbin iska a wurin biki ko suna, wanda a ƙauye ake ɗauka ado ne, a tsakiyar Mushin ko Diobu gayyato 'yan sanda ne, abin da aka harba sama kuwa dole ya sauko a kan wani.

Daji ma yana da masu shi. A gandun daji na tarayya kamar Okomu a Edo da Tsohuwar Oyo da na Kuros Riba an hana farauta da shiga da makami, dokar kare namun da ke shirin ƙarewa ta 1985 kuma ta hana taɓa irin su giwa da damisa da dankunya mai sulke. Sauran dazuzzukan kuwa kowanne na wani gari ne ko wani dangi. Tun da aka kafa rundunar Amotekun a jihohin Yarabawa cikin Janairun 2020, tsare baƙi a daji da kan hanya ya ƙaru ƙwarai. Maharbin da ya fara kai gaisuwa wurin basaraken gari da shugaban maharban wurin, Sarkin Hausawa ya gabatar da shi, aka rubuta sunansa a caji ofis, ya sami masu cewa sun san shi ran da magana ta tashi. Wanda ya faɗa daji da dare da fitila a goshi ba da sanin kowa ba, ba shi da mai shaida.

Saura hanya, inda nan ne haɗarin ya fi yawa. Hawa bayan tirela tare da kaya yana da araha, amma ba mai rubuta sunan fasinja, ba tasha, ba shugaban direbobi da zai ce ga inda aka ɗauko su. Mutum ashirin a bayan mota da karnuka da bindigogi a ƙarƙashin tamfol, ko da kowannensu salihi ne, siffarsu ta yi daidai da abin da mutanen ƙauyukan hanya ke tsoro. In tafiya da bindiga ta zama dole, a tafi da ita ba ɗuri, lasin na asali yana aljihu, da wasiƙar Sarkin Hausawa da ta shugaban ƙungiya mai ɗauke da sunaye da lambobin waya, a kuma sanar da 'yan sandan inda aka taso. A shingen bincike mai ita ya riga faɗa kafin a gano, ga ɗan sanda kuma doka ta wajabta nuna lasin in ya nema. In 'yan banga ne suka tsare, abin da za a nace a kai cikin ladabi shi ne a kai maganar caji ofis mafi kusa, kada a tsaya musu a bakin titi jama'a na taruwa.

Wanda kuwa gaisuwar Salla kaɗai za ta kai shi gida, zai dawo bayan mako biyu, ba abin da zai yi da bindiga a hanya. Dokar 1959 ta tanadi ma'ajiyar makamai ta hukuma inda mai lasin zai iya kai abarsa a ajiye masa. Sai ya wanke ta, ya shafa mata mai, ya kai, ya tabbata an rubuta kamanninta da lambar lasin a littafi, ya karɓi rasit ya adana shi tare da katinsa har ran da ya dawo.